Yarona ya kai aji huɗu amma baya ƙaunar ganin littafi, dan Allah ku bani shawara

Uwar Uku:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema akan yarona na tsakiya, shekararsa 9 yana aji huɗu na firamare anan Kano. Matsalarsa ɗaya ce baya son karatu, ba wai na islamiyya ba, can kam Alhamdulillah hadda yake bayarwa kamar me, yanzu haka ya wuce izu biyar malaminsu ma yabonsa yake. Amma littafin boko ko na labari, kai ko takarda ce mai rubutu a jiki kika miƙa masa yanzun nan zakiga ya fara hamma, ko yace fitsari yake ji ya shige banɗaki yayi zamansa sai na je na buga ƙofa.

Hutun da ya wuce na shiga Sabon Gari na sai masa littattafan labari na turanci masu hotuna har guda shida, kuɗi na gaske na kashe wallahi. Ya buɗe ya kalli hotunan cikin minti biyar yace wai ya gama. Nace toh bani labarin, sai gogan naku ya ƙirƙiro nasa daga hoton, kuma da daɗi yake tsarawa kamar gaske sai da yayarsa ta duba tace Umma ƙarya yake ba haka aka rubuta ba. Autata ta yage bangon guda biyu, sauran suna can saman wadrob sun sha ƙura. Ita kuwa yayar tasa, shekararta 13, sai an ƙwace littafi a hannunta take cin abinci, ciki ɗaya suka fito amma kamar ba gida ɗaya suka tashi ba.

Ba irin abinda banyi ba. Nayi faɗa, nayi lallashi, nayi alƙawarin keke, babansa har bulala ya taɓa sa masa rannan da aka kawo sakamako. Mun ɗaukar masa mai lesin, yana dawowa daga boko ƙarfe biyu, islamiyya huɗu zuwa shida, bayan magariba mai lesin ya zo, amma kullum jiya i yau. Antinsu ta aji tace wai wasa ne ya masa yawa. Amma ki bashi waya kiga ikon Allah, sai yayi awa uku ko motsi babu yana gem da katun, 'yan ƙwallo kuwa ba wanda bai sani ba har lambar rigarsu.

Ni abinda yake damuna shekara biyu suka rage ya shiga sakandare, kuma bana so ya tashi yana kallon littafi kamar maganin zazzaɓi. Waɗanda suka taɓa fama da irin wannan ya kuka yi? Malamai ma dan Allah ku sa baki.

Baban Yara:

Wa alaikumus salam. Hajiya ai ke da kanki kin faɗi ciwon kin faɗi maganin. Waya ce. Yaron da ya ɗanɗana gem ina zai zauna da takardar da bata motsi bata ƙara? Ki ƙwace wayar gaba ɗaya, ki cire masa kallo sai Asabar da Lahadi, ki yanka masa shafi biyu kullum in bai karanta ba babu fita ƙwallo. Mu da muka taso waye ya lallashe mu? Dorina ce a rataye a ƙofar aji kuma gashi mun yi karatun. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran yanzu lallashin ne yayi musu yawa shi yasa suke raina mutane. Nawa huɗu ne kuma duk haka nake musu.

Malamar Aji Uku:

Salam Maman yara, sannu da ƙoƙari. Ni malamar firamare ce a Bauchi, shekarata 16 ina riƙe da ƙananan azuzuwa, kuma tun ina karanta rubutunki abu ɗaya ya tsaya min a rai, wato inda kika ce ya ƙirƙiro labari daga hoto. Kafin ki ce baya SON karatu, kin tabbatar ya IYA karatun? Kar ki ji haushi na, ba zagin ɗanki nake ba, yaron da ya haddace izu biyar ba daƙiƙi bane ko kusa. Sai dai irin waɗannan masu kaifin haddar sune suka fi ɓoye mana matsalarsu, malama ta karanta shafi sau biyu a aji shi kuma ya ɗauke shi tsaf a ka, gobe a ce tashi ka karanta ya miƙe yana bin layi da yatsa yana zubo shi kamar famfo, a tafa masa, alhali ko kalma uku bai gane a takardar ba. Na sha kama su, sai in rufe hoton da tafin hannuna in nuna kalma ɗaya daga tsakiyar layi, nan zakiga ido ya raina fata.

Ga gwajin da zaki yi yau ɗin nan ba sai kin kashe ko sisi ba. Ki samu lokacin da yayarsa bata nan, wannan yana da muhimmanci dan gabanta ba zai yarda ya nuna gazawa ba. Ki ɗauko littafin da bai taɓa ji an karanta ba ki rufe hoton kice ya karanta miki shafi ɗaya, duk kalmar da ya tsaya ko ya yi canke ki lanƙwasa yatsa ɗaya a ɓoye, in yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare toh littafin ya fi ƙarfinsa. Bayan nan ki rubuta masa Hausa a takarda, kaza, tabarma, makaranta, sai 'yar jimla kamar akuya ta shiga kicin ta cinye tuwon Baba. Ki ga ko zai iya haɗa baƙi da wasali da kansa. In yayi dariya a wajen akuyar kin san ya fahimta.

Kuma ki sani ba ɗanki kaɗai bane. A 2022 Bankin Duniya da su UNICEF sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi basa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane abinda yake cewa. Ni ban buƙaci rahoto ba ma, ajina ya ishe ni shaida.

Abinda yasa nace ki gwada da Hausa, rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasali biyar ne a e i o u, yaro in ya kama ba be bi bo bu ya kama hanya. Turanci kuwa haruffa 26 ne amma sautukansa sun haura 40, harafi ɗaya yau ya faɗi kaza gobe ya faɗi wani abu, wani ma a rubuta shi a ƙi furta shi. Toh ki haɗa wa yaro wahala biyu lokaci ɗaya, yana fama da haɗa haruffa kuma in ya haɗa ɗin kalmar da ta fito bai san ma'anarta ba, me zai ji daɗi a ciki? Ko a makarantar allo ai ba a fara wa yaro da zuƙu, sai yayi babbaƙu yayi farfaru tukunna. Nan Bauchi da Sakkwato an yi wani shiri na Mu Karanta wanda Amurka ta tallafa, ana koyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa kafin a tsallaka da su turanci, na samu horon kuma abinda na riƙe har yau shine in yi su gani, mu yi tare, sannan su yi da kansu. Yaron da ya iya karatu da harshensa ba sabon karatu zai koya a turanci ba, kalmomi kawai zai ƙara.

Maganar makaranta kuwa mu ma malamai muna da namu laifin, gaskiya ɗaya ce. Akwai inda na taɓa koyarwa aka kawo mana kwalaye na littattafan labari kyauta, hedimasta ya kulle su a kabad ɗin ofis wai kar yara su yaga, har aka min canjin wajen aiki suna nan a ledarsu gara ta fara ci. Yanzu ni abinda nake yi, kwalin taliya na samu na zuba 'yan littattafan da na tara, wasu ma yaran ne suka rubuta da kansu, nace kowa ya je kakarsa ta masa tatsuniya ya rubuto a fallen takarda huɗu yayi zane, muka ɗinke da zare da allura muka sa sunan mai shi a bango. Duk ranar Alhamis minti ashirin na ƙarshe ba darasi ba tambaya ba maki, kowa ya ɗau wanda yake so. Yara 84 ne a ajin dan haka uku uku suke haɗa kai akan littafi ɗaya, hayaniya kam sai haƙuri. Amma wanda aka fi rububinsa har ya yi laushi kamar tsumma shine na wani yaro da ya rubuta yadda ragon layyarsu ya tsinke ya shiga masallaci.

Baban Yara kayi haƙuri, rage waya na yarda da kai ɗari bisa ɗari, amma dorinar nan da kake yabo ka tuna 'yan ajinku nawa ne suka gudu saboda ita. Waɗanda suka tsira ne kawai suke bada labari.

Sai kuma ki lura ko yana matso da takarda kusa da fuska ko yana ƙanƙance ido in yana kallon allo, in haka ne a kai shi a duba idonsa. Na taɓa samun yarinya shekara biyu ana ce mata daƙiƙiya ashe tabarau kawai take buƙata.

Tsohon Akawu:

Malama Allah ya saka da alheri, kin faɗi abinda ya kamata. Ni tsoho ne, jikata ce ma ta koya min shiga nan, dan haka a yi haƙuri da tsawon zance.

'Yata, ni ba malami bane amma zan gaya miki yadda aka yi na koyi son karatu, kuma ba a aji bane. Wana ne, Allah ya jiƙansa, yana makarantar kwana, in ya zo hutu yakan zo da Magana Jari Ce. Bayan sallar isha sai mu kewaye shi a zaure da fitilar ƙwai, yana karantawa yana canza murya, in sarki ne ya yi ƙasaita in aku ne ya maƙe murya, mu kuwa har da masu riƙe ciki. Sai ya kai daidai inda labari ya ɗau zafi sai ya rufe littafin yace barci yake ji, ya tura shi ƙarƙashin matashi. Mu yi ta magiya ko a jikinsa. Wallahi haushin wannan ne yasa na fara satar littafin da rana in ya fita, in ɓuya a bayan rumbu ina haɗa baƙaƙe da ƙyar da gumi, shafi ɗaya sai ya ɗauke ni tun azahar har la'asar, dan kawai in riga sauran sanin ƙarshen. Sai da na girma yake gaya min ai da gangan yake barinsa inda zan gani.

Kuma in kin duba dabarar ma a cikin littafin take. Ai sarki ne ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, yaron yana ta son ya fita ya bi su, aku kuma ya dinga riƙe shi da labari dare bayan dare har gari ya waye bai fita ba. Alhaji Abubakar Imam ya san abinda yake yi. A Zariya ya rubuta shi, ya fara fitowa a 1937, littafi uku ne, kuma dama dan 'yan makaranta aka yi shi. Kafin nan ya yi Ruwan Bagaja a gasar da aka sa a 1933, shi ma in yaro ya ji yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna mugunta ba zai so a tsaya ba. Har yanzu ana samunsu a kasuwa wajen masu littattafan Hausa. Sai dai kar ki miƙa masa ki ce ungo karanta, rubutun ƙanana ne kuma Hausar ta da ce, akwai su lifidi da zagi da barde waɗanda yaron Kano na yanzu bai taɓa ji ba. Ke za ki karanta masa, in ya tambaya ki faɗa masa, in ke ma baki sani ba ku kira kakarsa a waya, ita ma ta samu abin yi.

Abu biyu kuma zan faɗa ko da ba za su yi daɗi ba. Na ɗaya, na lissafa ranar yaron nan yadda kika zayyana, boko, islamiyya, lesin, toh yaushe yake numfashi? Babba ma in aka masa haka ya ga takarda da dare sai ya ji kamar ya kurma ihu. Na biyu, yaushe rabon da yaron nan ya ga babansa zaune da littafi ko jarida a hannu? Mu mun taso muna ganin iyayenmu ana karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙofar gida mutane sun yi da'ira, wanda ya iya karatu shine babban mutum a wajen. Yanzu yaro in ya ɗaga kai uwa waya uba waya, sannan a ce masa shi ya ɗau littafi. Ban ce ke ba 'yata, da ni da 'ya'yana duk muna ciki.

Anti Mai Shago:

Baba kun tuna min zamanin da, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta wani gefen zan shigo, Maman yara naga hankalinki duk yana kan namijin, toh ita yayar da kika ce sai an ƙwace littafi me take karantawa? Na yi shekaru ina bada hayar littattafan Hausa a unguwarmu kafin waya ta kashe kasuwar, na san abinda ke ciki, akwai masu kyau da tarbiyya sosai akwai kuma waɗanda na manya ne zalla, balle na yanzu da ake turawa a WhatsApp babu mai tacewa. Ki dinga leƙawa dai cikin hikima ba da faɗa ba. Sannan ki daina cewa kalli yayarka a gabansa, wlh wannan kalmar tana kashe wa yaro zuciya, sai ya ɗauka karatu kayan mata ne ko kayan yayarsa ne shi ba nasa bane.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum, ina gaida Hajiya da Malama da Baba. Ni daga Zinder nike, kuma abin da Malama ta faɗi na harshe mu nan mun sha shi fiye da ku ma. Yaro ya tashi gida ba ya jin komi sai Hausa ko Barbarci, ranar da aka kai shi lakwal aji na CI, wato ajin farko na firamare, sai mushe, wato malamin aji, ya tarbe shi da Faransanci, ya yi ta maimaita abin da ba ya ji, ya cika kaye, wato littafin rubutu, da kwafin allo da rubutu mai kyau kamar na inji amma ka ce ya karanta maka abin da ya rubuta sai ya tsaya yana kallonka. Ni kaina sai da na kai CE2, wato aji huɗu, kafin in gane wai rubutun nan magana ce ake ajiyewa a takarda, da na ɗauka zane ne kawai da ake ba mu maki a kai. Kuma ba wai ba a san maganin ba, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci nan Zinder, sai dai abin bai game ƙasa ba. A 2025 an ce Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, muna jira mu ga ko zai sauko har cikin aji da littattafan yara.

Abin da na yi wa ɗiyata, dan ita ma haka ta yi, ban saye littafi ba ma da farko. Wasiƙa na riƙa rubuta mata. In zan fita da safe sai in bar 'yar takarda ƙarƙashin kofinta, layi ɗaya da Hausa, misali duba cikin takalmin Baba na hagu. Ta je ta iske wata takardar, duba bayan randa, can kuma ta iske alawa ko dala biyar. Kwana na farko uwarta ta taya ta, kwana na huɗu ta hana kowa taɓawa dan kar ƙanenta ya riga ta. A hankali na riƙa tsawaita saƙon har ya koma layi biyar shida. Yanzu ita ke rubuta mani, jiya ma na iske takarda cikin aljihuna wai Baba ka sayo kilishi in ba haka ba ba ni karanta maka komi.

Ɗan Pillars:

Mama ni dai kamar labarina kike bayarwa lol. Har na gama firamare ban taɓa karanta littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, duka kam na sha a gida da makaranta, har tara ake cin mu in mun yi Hausa a aji wai banakula, toh turancin bamu iya ba Hausar an hana sai muka zama kurame kawai. Abinda ya buɗe min kai ƙwallo ce. Lokacin kofin duniya na 2014 da Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu, wani yayanmu a layi yana da waya yana karanto mana labarin wasanni na BBC Hausa, in ya gaji sai ya miƙo min yace kai karanta mana, ina in'ina ana min dariya amma ina so in san me aka ce akan Musa dole na dage. Daga nan na koma shafin wasanni na jaridar Aminiya, daga nan sai gani ina karanta komai, yanzu ina jami'a aji uku.

Dan haka tunda yana son ƙwallo kar ki yaƙe ta, ki shiga ta nan. Kice ke baki gane komai ba ya karanta miki wa ya ci wa aka kora, ki nuna kamar abin ya dame ki. Kuma wayar da Baban Yara yace a ƙwace, akwai wani shafi African Storybook kyauta ne, yana da labaran yara da Hausa masu hotuna an jera su daga mai layi ɗaya a shafi har zuwa masu tsawo, za ki iya saukewa ki kashe data ki bashi, ko ki kai shagon kwamfuta a buga miki a takarda in kina tsoron zai zame ya koma gem, dan zai zame kam na san halinmu.

Baban Yara:

Toh naji duka, Malama na karɓi gyara akan dorina amma ba duka ba. Ni dai har yanzu ina nan akan bakana na waya, ku gwada karanta wa yaro labarin aku ga katun yana yi a falo ku gani wa zai saurara. A kashe kallo tukunna sannan ayi duk dabarun nan. Baba maganarku ta uba da jarida kuma ta taɓa ni ba ƙarya, ni kaina rabona da littafi tun ina bautar ƙasa.

Uwar Uku:

Jama'a na dawo, kuyi haƙuri kwana tara ban leƙo ba. Nagode ƙwarai Allah ya bar zumunci, kowa na karanta nasa har sau biyu.

Malama wallahi kamar kina gidanmu. Na yi gwajin ranar Asabar da yayarsa ta tafi kitso, na ɗauko ɗaya daga cikin na saman wadrob ɗin na rufe hoton, kafin ya gama layi huɗu yatsuna biyar sun ƙare. Yana ganin harafin farko sai ya cilla duk kalmar da ta zo masa a ka. Da na ce ya sake sai naga idonsa ya ciko yace Umma dan Allah kar ki gaya wa Abba. Ni kaina sai da na shiga ɗaki na share hawaye, shekara nawa muna ce masa malalaci ashe yaron nan ɓoyewa yake, kuma kullum sakamakonsa yana zuwa da maki mai kyau a karatu, ban san ta yaya ake basu makin ba. Na Hausar ya fi dama dama, kaza da tabarma ya haɗa su a hankali, makaranta ta ɗan bashi wuya, jimlar akuyar kuwa ya ɗau kusan minti biyu amma da ya kai ƙarshe ya kwashe da dariya yace tuwon Abba dai, dan haka ya gane.

Na zauna da babansa na masa bayani, da farko cewa yayi kuɗin makarantar da muke biya fa, zai je ya same su, nace ka bari tukunna mu fara da gida. Mun tsayar da mai lesin zuwa wata ɗaya, dama asaimen kawai yake taya shi cikewa. Kallo kuma Baban Yara ka ci nasara, daga magariba an kashe, NEPA ma suna taya mu.

Baba na aika an samo min littafin na ɗaya. Daren farko da fitila mai caji na karanta musu, ni kaina ina tuntuɓe a wasu kalmomin dan rabona da karanta Hausa mai tsawo tun sakandare, muryar akun da nayi kuwa har babansu sai da ya leƙo daga ɗaki yana tambaya lafiya. Na rufe a inda kuka ce, aka yi ta magiya na ƙi. Ban ga ya saci littafin ba tukunna gaskiya, na barshi akan firij da gangan kullum ina duba ko ya motsa, yayar ce dai ta ɗauke ta cinye shi a kwana biyu na ce in ta kuskura ta faɗa masa ƙarshen ni da ita ne. Amma wasiƙar Ɗan Damagaram ita ta kama shi sosai, yau kwana biyar kenan, jiya na sa a cikin takalmin ƙwallonsa na rubuta duba cikin tukunyar da bama dafa komai da ita, sai da ya buɗe tukwane bakwai.

Malama tambaya ta ƙarshe dan Allah, ranar Litinin nake so inje makarantar tasu, ya kike ganin zan yi wa antin tasu maganar ba tare da ta ɗauka ƙararta na kawo ba, dan bana so ta sa min yaro a gaba. Kuma in roƙe ta ta daina tada shi karatu a gaban aji zuwa wani lokaci ko hakan zai ƙara ɓata shi?